An Sayi Sabuwar Kwamfuta, Layi Bai Ragu Ba: Nazarin Lamarin Rumbun Bayanan Wani Asibiti a Zariya

## Wurin da tsarinsa (2017 zuwa 2022)

Asibitin mai zaman kansa ne a Tudun Wadan Zariya. Yana da gadajen kwanciya kusan 40, da ɗakin gwaje-gwaje, da kantin magani, da ɓangaren awon ciki. Yawancin masu zuwa daga cikin Birni da Gyallesu da Sabon Gari suke, sai mutanen ƙauyukan Giwa da Soba da ke shigowa da sassafe don su samu komawa gida kafin la'asar.

A 2017 mai asibitin, wanda kowa ke kira Dakta, ya gaji da ɓatan katunan takarda, ya ɗauko wani matashi da ya karanci kimiyyar kwamfuta ya gina masa manhaja. Matashin ya rubuta ta da harshen rubuta manhaja na PHP, ya zuba bayanan a manhajar rumbun bayanai ta MySQL 5.7, aka girka komai a wata kwamfutar tebur mai Windows da ke ɗakin kati. RAM ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, gigabait 4 ne, faifan ajiyarta kuma irin mai juyawa. Ita ce sabar asibitin, sauran kwamfutocin duk daga gare ta suke jan bayani.

Tebura huɗu ne ke ɗauke da nauyin rumbun: na marasa lafiya, na ziyara, na magungunan da aka bayar, da na biyan kuɗi. Duk zuwan da mutum ya yi layi ɗaya ne a teburin ziyara, kuma a wannan layin ake ajiye abin da likita ya rubuta. Akwai wani shafi da ma'aikata suka fi so, wato jerin masu jira. Likita ko nas na zaune zai ga waɗanda ke bakin ƙofarsa bi da bi, shafin kuma yana sabunta kansa duk bayan sakan 15.

Shekara biyar ana aiki lafiya lau. Teburan ƙanana ne a lokacin, ko ta yaya manhajar ta jefa wa rumbun tambaya, wato umarnin neman bayani, amsa na dawowa nan take.

## Farkon ciwon (Yuli zuwa tsakiyar Agusta 2023)

Da damina ta kankama zazzaɓin cizon sauro ya taso, masu zuwa suka kai kimanin 300 a rana. A lokacin teburin marasa lafiya na da layi kusan 110,000, na ziyara kusan 480,000, na magunguna ya doshi miliyan 2.

Daga ƙarfe 8 zuwa 11 na safe jerin masu jira kan ɗauki sakan 30 zuwa 40 kafin ya buɗe. Neman kati da lambar waya ko da suna kan wuce sakan 10, wani lokaci shafin ya mutu gaba ɗaya. Rahoton ƙarshen wata na akanta kan ci kusan minti 10. Amma bayan azahar komai sai ya sassauto, da dare kuma kamar ba a taɓa samun matsala ba. Wannan ne ya rikitar da kowa: duk sanda matashin ya taso daga wurin aikinsa da yamma ya zo dubawa, sai ya tarar manhaja na gudu.

Ma'aikatan ɗakin kati suka koma rubuta sunaye a takarda da safe suna shigarwa da yamma. Aiki ya zama biyu, kuma ba duk abin da aka rubuta ke shiga ba.

## Abubuwan da aka fara gwadawa (Agusta)

Netwok aka fara zargi. Aka canza rauta, aka ja sabbin wayoyi zuwa ɗakunan likitoci. Babu abin da ya sauya. Daga nan aka ɗauki al'adar kashe sabar a kunna duk sanda ta cije. Hakan kan kawo sauƙi na minti 20 ko 30, domin kashewar na share tambayoyin da suka taru suna jiran juna, sai kuma su sake taruwa.

A mako na uku na Agusta Dakta ya sa aka sayo sabuwar kwamfuta mai RAM gigabait 16 da faifan SSD, wanda ya fi mai juyawa sauri. An ga bambanci: jerin masu jira ya sauko zuwa sakan 3 ko 4 da safe. Kowa ya ɗauka an gama. Sai dai a makonnin nan ne aka ɗauki likitocin wucin gadi saboda yawan jama'a, allunan da ke nuna jerin masu jira suka tashi daga 9 zuwa 12. Kafin Agusta ya fita jiran ya koma sakan 20.

Matashin ya karanta cewa fihirisa, wato jerin da rumbu ke bi ya gano layi ba tare da karanta tebur duka ba, ita ce maganin jinkirin tambaya, sai ya bi teburan yana sa wa kusan kowane gurbin bayani tasa: ranar zuwa, lambar waya, suna, jinsi, unguwa, har da gurbin da ke nuna an biya ko ba a biya ba. Fihirisa 23 ya ƙara a dare ɗaya. Washegari bincike bai ƙara sauri ba, sai ma mai karɓar kuɗi ta fara kukan cewa ajiye rasit ya yi nauyi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: duk layin da aka shigar, dole rumbun ya rubuta shi a teburin, sannan ya bi kowace fihirisa ya gyara ta.

Shawara ta ƙarshe ita ce a goge duk bayanan da suka wuce shekara uku. Dakta ya ƙi. Ya ce masu hawan jini da ciwon suga da sikila tarihinsu shi ne rabin maganinsu, gara a yi ta jira da a share shi.

## Makon aunawa (4 zuwa 10 ga Satumba)

Matashin da kansa ya kawo wata injiniyar manhaja 'yar Samaru wadda ta girme shi a makaranta. Ta zagaya, ta ce, "Dakta, ka ba ni mako ɗaya ban gyara komai ba. So nake in ga abin da rumbun ke yi tukuna." Dakta ya ce, "Injiniya, mako guda ga mutane a waje?" Ta ce in ta taɓa wani abu yanzu, gaibu za ta yi kamar yadda aka yi a baya. Ya amince ba da son ransa ba.

MySQL na da kundin da ke rubuta tambayoyi masu jinkiri, amma a kashe yake zuwa, kuma ko an kunna shi, sai tambaya ta wuce sakan 10 yake rubuta ta. Ta kunna shi ta sauke ma'aunin `long_query_time` zuwa sakan 1. A ƙarshen mako ta bi kundin da `mysqldumpslow`, wanda ke tara tambayoyi masu siffa ɗaya wuri guda ya faɗi sau nawa kowace ta zo da lokacin da ta ci.

Manhajar na da tambayoyi sama da 200, amma uku ne kacal suka cinye kusan dukan lokacin: jerin masu jira, neman lambar waya, da neman suna. Jerin masu jira shi kaɗai ya fi sauran biyun a haɗe. Ba shi ne ya fi kowa jinkiri ba in aka gudanar da shi shi ɗaya, domin da dare sakan 1 da rabi yake ɗauka. Yawan zuwansa ne abin dubawa. Allo 12, kowane sau 4 a minti, tambaya 48 ke nan, wato sabuwa na shigowa duk bayan sakan 1 da kwata. Ta farko ba ta gama ba ta biyu ta iso, ta uku ta same su, kowace tana rage wa 'yar'uwarta gudu. Bayan azahar likitoci sun tashi, alluna sun ragu, sai cunkoson ya warware da kansa.

Rahoton akanta, wanda kowa ya san yana cin minti 10, ko sau ɗaya bai bayyana a kundin ba. Ta ajiye wannan a gefe.

## Jerin masu jira (mako na biyu na Satumba)

Ta kwafi rumbun gaba ɗaya zuwa tsohuwar kwamfutar da aka ajiye, don duk gwaji a can za a yi. Sannan ta sa kalmar `EXPLAIN` a gaban tambayar jerin masu jira. Wannan umarni ba ya gudanar da tambaya, hanyar da MySQL zai bi ya amsa ta yake nunawa. Amsar ta fito da `ALL` a nau'in bincike, `NULL` a wurin fihirisar da aka ɗauka, da kimanin layi 480,000 da za a karanta, sai `Using filesort` a ƙarshe. Ma'ana, domin a nuna sunayen mutum 30 ko 40 da ke zaune a kan benci, rumbun na karanta duk ziyarar da aka taɓa yi tun 2017, ya tace, sannan ya jera. A minti ɗaya na safiya layukan da ake karantawa sun haura miliyan 23.

Matashin ya ce, "Yaya, ai na sa fihirisa a kan lokacin zuwa." Ta ce, "Ka sa, ƙanena. Dubi yadda ka yi tambayar." Sharaɗin da ya rubuta shi ne `DATE(lokacin_zuwa) = CURDATE()`, wato a ciro kwanan wata daga lokacin zuwa a ga ko na yau ne.

Fihirisar da InnoDB, injin ajiyar MySQL, ke amfani da ita ta samo asali daga tsarin B-tree, wanda Rudolf Bayer da Edward McCreight suka ƙirƙiro a ɗakin binciken kamfanin Boeing a Amurka, aka buga bayaninsa a 1972. Ƙimomin gurbi ake jerawa daga ƙarami zuwa babba a shafuka masu kilobait 16, a sama da su kuma a ɗora wasu shafukan da ke nuna inda kowane zango ya fara. Saboda kowane shafi na nuni ga ɗaruruwan shafuka a ƙasansa, ko tebur na da miliyoyin layuka, mataki uku ko huɗu ya isa a kai ga wurin da ake nema. Amma abin da aka jera shi ne ainihin abin da ke cikin gurbin, kwanan wata da awa da minti da sakan. Da zarar an nannaɗe gurbin cikin `DATE()`, abin da ake kwatantawa ya zama sakamakon lissafi, wanda ba ya cikin fihirisa. Dole rumbun ya ɗauko kowane layi ya yi masa lissafin kafin ya san ko na yau ne.

Ta sake rubuta sharaɗin ya zama zango: lokacin zuwa ya kai ƙarfe 12 na daren da ya shigo da yau, kuma bai kai ƙarfe 12 na daren da zai shigo da gobe ba. Ma'anar ɗaya ce, amma yanzu gurbin na tsaye tsirararsa, lissafin ya koma ɗaya ɓangaren. `EXPLAIN` ya nuna `range`, layukan da za a karanta suka faɗo zuwa kimanin 300, wato ziyarar rana guda.

Ba ta tsaya nan ba. Kowane allo sashensa kaɗai yake nema, awon ciki ko yara ko manya, don haka ta gina fihirisa mai gurbi biyu: sashe a gaba, lokacin zuwa a baya. Tsarin gurabun na da muhimmanci, kuma ta bayyana wa matashin da rajistar da aka tsara unguwa-unguwa, a cikin kowace unguwa kuma sunaye a jere. Mai neman duk mutanen Gyallesu zai buɗe wuri ɗaya. Mai neman Musa na Gyallesu ma haka. Amma mai neman duk wani Musa ba tare da unguwa ba, sai ya bi rajistar daga farko har ƙarshe. Fihirisa mai gurabu da yawa daga hagu take aiki, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce gurbin da ake nema da ƙima ɗaya tak ya riga wanda ake nema da zango. Da sashe a gaba, layukan kowane sashe na fitowa a jere bisa lokaci, don haka `Using filesort` ya ɓace.

A gaskiya, ga jerin yini guda bambancin layi 300 da layi 60 ba wanda zai ji shi a jikinsa. Inda tsarin ya yi amfani sosai shi ne shafin da ungozoma ke buɗewa ta ga duk masu awon ciki na wata shida, wanda fihirisar nan ɗaya ta ɗauke shi ma.

Gyara na ƙarshe a wannan tambaya shi ne cire `SELECT *`, umarnin da ke ɗauko duk guraban layi. Allon suna da lambar kati da lokacin isowa kaɗai yake nunawa, amma tambayar na kwaso har da dogon rubutun likita tana aikawa ta netwok ana zubarwa.

An ɗora gyaran a kan sabar gaske daren Lahadi, 17 ga Satumba, bayan sallar isha'i, an ɗauki kwafin ajiya, janareta na kunne don kada wuta ta katse ginin fihirisa a tsakiya. Safiyar Litinin jerin ya riƙa buɗewa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na sakan. Ba a taɓa sabuntawar sakan 15 ɗin ba. Neman kati ma ya sauko zuwa sakan 2 ko 3 tun ba a gyara shi ba, saboda abin da ke danne shi ya tashi.

## Lambar waya da suna (ƙarshen Satumba)

Gurbin lambar waya na rubutu ne, `VARCHAR`, kuma yana da fihirisa. Duk da haka `EXPLAIN` ya ce `ALL`. Laifin a manhaja yake: kafin ta aika lambar sai ta mayar da ita adadi, sifilin farko ya faɗi. Idan aka kwatanta gurbin rubutu da adadi, MySQL kan mayar da rubutun kowane layi adadi sannan ya kwatanta, kuma ba zai iya bin fihirisa ba domin rubutu iri-iri na iya komawa adadi ɗaya. Shekara shida ana samun amsa daidai, shi ya sa babu wanda ya lura.

Gyaran layi ɗaya ne, a aika lambar a matsayin rubutu. A kwamfutar gwaji binciken ya zama nan take, amma wasu katunan da a da ake samu suka daina fitowa. Da aka duba sai aka ga lambobin ba siffa ɗaya aka shigar da su ba. Wasu lamba 11 ne da sifilinsu, wasu 10 ba sifili, wasu da +234, wasu da sarari a tsakiya. Tsohon kuskuren yana rufa wa masu lamba 10 asiri. Masu +234 da masu sarari kuwa tun asali ba a taɓa samunsu ta waya ba, kuma duk wanda aka nema aka rasa, sabon kati ake buɗe masa. Aka daidaita duk lambobin suka koma 11, aka sa manhaja ta riƙa gyara duk wadda aka shigar kafin ajiyewa. Daidaitawar ta tono mutane da dama masu kati biyu ko uku.

Neman suna ya fi wuya. Sharaɗinsa `LIKE '%musa%'` ne, don a kamo Musa ko a farkon suna yake ko a tsakiya. Fihirisar B-tree na iya amsa `'mus%'` domin ta san inda masu farawa da haka suke a jere, amma in alamar `%` ta zo a gaba, ba ta da wurin farawa. An gwada fihirisar `FULLTEXT`, wadda InnoDB ke da ita tun MySQL 5.6. Ta yi sauri, sai dai ba ta warware abin da ya fi damun ɗakin kati ba, wato rubutun sunayen kansu. A'isha da Aisha da Aishatu mutum ɗaya ce a wurin mai kati, uku ne a wurin rumbu. Haka Ɗanladi da Danladi, haka Muhammad da Mohammed da Moh'd.

Abin da aka tsaya a kai shi ne ƙaramin tebur na daban. Kowace kalma ta sunan mutum ta samu layinta, an mayar da ita ƙananan haruffa, an cire apostrofi, an miƙar da lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ, an haɗa ta da lambar katinsa. Ainihin sunan a teburin marasa lafiya ba a taɓa shi ba, yana nan yadda mai shi ke rubutawa. Teburin ya kai layi kusan 330,000 da fihirisa ɗaya a kan kalmar, ana bincikensa da farkon kalma. Ma'aikatan ɗakin kati, waɗanda suka fi kowa sanin yadda ake karkata sunaye, su suka zauna suka rubuta jerin sunayen da ya kamata a ɗauka ɗaya ne.

## Rahoton akanta (farkon Oktoba)

Ranar da akanta zai fitar da rahoton Satumba, injiniyar ta sauke ma'aunin kundin zuwa sifili na ɗan lokaci don ya rubuta komai. Rahoton ya aika tambaya sama da 50,000. Manhajar kan ɗauko ziyarar watan, kimanin 9,000, sannan ga kowace ta tambayi magungunanta, ga kowane magani kuma ta sake tambayar sunansa da farashinsa. Kowace tambaya ƙarama ce, shi ya sa ba ta taɓa kai sakan 1 ba. Amma ofishin akanta na ƙetaren tsakar gida, ta Wi-Fi yake haɗe, kuma shirin rahoton a kwamfutarsa yake gudana, don haka kowace tambaya sai ta je ta dawo kafin ta gaba ta tashi.

Aka haɗe su a tambaya ɗaya da `JOIN` mai haɗa tebura da `GROUP BY` mai tara layuka rukuni-rukuni, rumbun ya yi jimillar da kansa ya aiko da sakamako kawai. A teburin magunguna aka gina fihirisa mai ɗauke da lambar ziyara da lambar magani da adadi, duk abin da tambayar ke buƙata daga teburin, har `EXPLAIN` ya nuna `Using index`, alamar ba sai an koma ainihin teburin ba. Rahoton ya dawo sakan 4.

## Rage fihirisa, da inda aka yi tuntuɓe (Oktoba zuwa Nuwamba)

Saura fihirisa 23 ɗin nan. Wasu a fili suke ba su da amfani. Ta jinsi ƙima biyu kawai take da su, kuma bin fihirisa don ɗauko rabin tebur ya fi karanta teburin kai tsaye tsada, don haka MySQL ba ya ma kallonta. Ga sauran aka dogara da `sys.schema_unused_indexes`, wanda ke lissafa fihirisar da ba a taɓa ba. Aka goge 17.

A ƙarshen Oktoba ɗakin gwaji ya zo fitar da lissafinsa na wata, shafin ya tsaya cik. Ɗaya daga cikin waɗanda aka goge sau ɗaya a wata ake amfani da ita. Ƙididdigar da aka dogara da ita daga lokacin da sabar ta tashi take farawa, ita kuwa sabar ba ta cika mako ba tare da ta mutu ta tashi ba, saboda sauyin wuta tsakanin layi da janareta. Aka mayar da fihirisar a daren, aka sa wa sabar inbata mai batir. MySQL 8.0 na da hanyar ɓoye fihirisa a gani ko wani zai yi kuka kafin a goge ta, amma 5.7 ba shi da ita.

Sai a Nuwamba aka taɓa saitin sabar. `innodb_buffer_pool_size`, wato rabon RAM da InnoDB ke riƙe shafukan bayani a ciki, yana nan a megabait 128 da ya zo da shi. Tun Agusta sabuwar kwamfutar ke zaune da gigabait 16 rumbun na amfani da ɗan wannan. Injiniyar ta ga haka tun makon farko, da gangan ta bar shi zuwa ƙarshe don a san abin da kowane gyara ya haifar. Ta ɗaga shi zuwa gigabait 8, tun da manhajar ma a kan injin take.

## Inda aka tsaya (Disamba 2023)

A ma'aunin safiyar Litinin, lokacin da aka fi cika, jerin masu jira da neman waya da neman suna duk suna dawowa ƙasa da rabin sakan, rahoton akanta kuma sakan 2 bayan ƙarin RAM. Ajiye rasit ya koma yadda yake kafin Agusta. Ba a goge bayanin kowa ba. Kundin jinkiri na nan a kunne a kan rabin sakan, matashin na duba shi duk mako, kuma duk sabuwar tambaya sai ta bi ta `EXPLAIN` a kan kwafin rumbun gaske kafin ta shiga manhaja.

In aka auna gyare-gyaren, sake rubuta sharaɗin kwanan wata shi ya ɗauke mafi yawan nauyin, kuma fihirisar da ta fara amsa shi tun Agusta take zaune ba a iya amfani da ita. Haka ta lambar waya. A wurare biyu cikin huɗu fihirisa na nan, rubutun tambaya ne ya toshe ta. A neman suna tsarin bayanin ne ya buƙaci canji, a rahoton akanta kuma yawan kai-komo ne. Sabuwar kwamfutar ba asara ba ce, faifan SSD da RAM ɗin sun yi amfani daga baya, amma a lokacin da aka saye ta mako biyu kawai ta saya wa asibitin. Da an fara ɗaga rabon RAM a Agusta, mai yiwuwa da jinkirin ya lafa, karatun layi miliyan 23 a minti ya ci gaba a ɓoye har damina mai zuwa.

Matashin ma bai cancanci zargin da ya sha ba. Tambayoyinsa daidai suke amsawa, kuma a kan teburin 2017 babu gwajin da zai nuna masa aibinsu. Abin da ya rasa shi ne kwafin bayanai masu yawa da zai gwada a kai, da kundin da ba wanda ya gaya masa a kashe yake.

Abu biyu ba su ƙare ba. Oracle, kamfanin da ya mallaki MySQL, ya daina tallafa wa MySQL 5.7 a Oktoba 2023, don haka a ƙarshen shekarar ƙaura zuwa 8.0 na jiran asibitin, kuma sai an sake bin manyan tambayoyin da `EXPLAIN` bayan ƙaurar domin sabon sigar na iya zaɓar wata hanyar daban. Sannan katunan da suka ninku ba a bar wa kwamfuta ta haɗe su ba, saboda a gidaje da yawa mata da yara duk lambar maigida suke bayarwa, kuma ana samun masu suna ɗaya a gida ɗaya. Ma'aikatan ɗakin kati ne ke haɗewa da hannu, sai mai katin ya zo an tambaye shi sunan mahaifi da unguwa an tabbatar.